Shaho Muke Yi Wa Kirari, Mun Manta Da Gawo



Labarai uku na karanta a zauren nan cikin makon nan, kuma duk ukun da shaho aka kwatanta jarumin. Na gane dalili. Duk wanda ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau ya ɗaga kai a Kwatarkwashi, dutsen da aka san shi da mikiya tun kaka da kakanni, ya san kwarjinin tsuntsun da ke shawagi can sama ba tare da ya kaɗa fiffike ba.

Amma mene ne aikin shaho? Ya fako, ya sure ɗan tsako, ya bar kaza tana kuka. Mu 'yan Zamfara yau ba sai an yi mana fassarar wannan ba. Mun ga gidajen da aka sure wa mutum da dare, mun ga gonakin da aka daina zuwa. Shi ya sa nake jin wani iri idan marubuci ya ɗauki wannan siffa ya ɗora wa wanda yake so yara su yi koyi da shi.

Ku dubi gawo. Itace ne mai halin kansa: da damina, lokacin da kowane itace ke taƙama da ganye, shi sai ya zubar da nasa, rana ta samu geron da ke ƙarƙashinsa, ganyen ya zama taki. Da rani kuma, sa'ad da daji ya bushe ƙurmus, sai ya yi kore shar, ya zubo wa awaki da tumaki 'ya'yansa. Manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na gefe. A Nijar, tun shekarun 1980 manoman Maradi da Damagaram suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu maimakon sarewa, har wajen hekta miliyan 5 suka farfaɗo, kuma gawo na cikin na gaba-gaba.

Na yarda, gawo wuyar rubutawa gare shi. Shaho yana ba ka tashin hankali a shafin farko, shi kuwa gawo sai ka bi shi damina da rani kafin mai karatu ya gane amfaninsa. Ga ƙaya kuma, ba ya daɗin runguma. Irin kawun nan ne mai faɗa, wanda ba a ganinsa ranar biki, amma ranar da rumbu ya ƙare buhunsa ne ke fara isowa.

Ni dai na soma nawa, sunan jarumar Inna, tana sayar da ƙuli a bakin tasha.