Satar Fasaha A Manyan Makarantu: Wa Zai Tsare, Kuma Da Me?

Duk wanda ya san zaman ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, ya san cewa littafi guda ya ishi aji. Mutum ɗaya zai saya ko ya aro, a ɗauki hotonsa shafi-shafi da waya, kafin gari ya waye ya shiga zauren WhatsApp na 'yan ajin. Haka fim, haka waƙa. Abin tambaya shi ne, ina hukumomin makarantu suka tsaya a wannan al'amari?

Bari mu leƙa Amurka tukuna, domin can rigimar ta fara. A 1999 wani ɗalibin jami'a a Boston, Shawn Fanning, ya ƙirƙiro Napster, hanyar musayar waƙoƙi kyauta. Kamfanonin waƙa suka yi ta maka ɗalibai a kotu, har a 2009 aka yanke wa wani ɗalibi, Joel Tenenbaum, biyan dala 675,000 saboda waƙoƙi 30. Tun 2008 dokar ƙasar ta wajabta wa kowace jami'a mai cin tallafin gwamnati ta riƙa gargaɗin ɗalibanta kowace shekara, ta tsara yadda za ta hana, ta kuma nuna masu halattattun hanyoyin samun abin da suke so.

To, amma mai karatu ya lura. Jami'ar Amurka tana iya wannan ne domin ta layinta ɗalibi yake shiga intanet. In ya yi laifi sai a yanke masa. A nan kuwa ɗalibi da kuɗinsa yake sayen data, yawancinsu ma ba cikin makaranta suke kwana ba, suna haya ne a wurare irin Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bungudu. Bugu da ƙari, turawar ba ta bukatar intanet. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, Xender da Bluetooth ba su daina aiki ba, domin waya da waya kawai suke bukata. Saboda haka duk shugaban makarantar da ya ce zai kwaikwayi Amurka, ɓata takarda kawai zai yi.

Doka dai akwai ta. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta maye gurbin wadda aka gada tun 1988, kuma ta shigo da al'amuran intanet, har da umartar masu shafuka su sauke abin da aka ɗora ba da izini ba. Ta kuma bar ƙofa a buɗe ga mai kwafar wani ɓangare domin karatun kansa ko bincike. Wato ɗaukar babi guda daban, ɗaukar littafi ɗungurungum a raba wa mutum 200 daban.

Ba ma ganin adalci ne a ɗora wa ɗalibi laifin duka. Tun da aka saki Naira a 2023 kuɗin takarda da na littattafan waje ya yi tashin gwauron zabi, ga iyaye da yawa a Tsafe da Bungudu an raba su da gonakinsu. A Indiya ma an yi irin wannan: manyan kamfanonin buga littattafai na Oxford da Cambridge sun kai ƙarar wani shagon fotokwafi na Jami'ar Delhi, a 2016 kotu ta goyi bayan kwafa domin koyarwa, a 2017 suka janye ƙarar.

Sai dai kada wannan ya rufe mana ido. Oxford ba za ta talauce saboda ɗaliban Gusau ba. Wanda abin yake karyawa shi ne malamin da ya tara albashinsa ya buga kwafi 500 a Zariya, ya sayar da 30, sauran suna shan ƙura. Gobe ba zai sake rubutu ba. Mun ga yadda masu tura fina-finai a waya suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood a Kano. Wani lokaci kuma malaman ne da kansu suke tsintar littafin wani su mai da shi handawut su sayar, abin da ya fi na ɗalibi muni nesa ba kusa ba.

Abin da makarantunmu za su iya, a ganinmu, ba tsaron wayar ɗalibi ba ne. Shagunan fotokwafi da ke cikin harabarsu haya suke biya, ana iya sa masu sharaɗi. Akwai ƙungiyar REPRONIG mai ba makarantu lasisin kwafa ta raba kuɗin ga marubuta. Kuɗin ɗakin karatu da TETFund ke bayarwa kuwa, ana iya ware wani kaso a sayi haƙƙin littattafan malaman gida sau ɗaya, a biya su hannu da hannu, sannan a bar ɗalibai su tura wa junansu da izini.