Dare Biyar a Gadon Sarautar Taurari



In aka cire rikicin gado da na haya, babu ƙarar da iyaye suka fi kawowa zauren Sarkin Zango a 'yan shekarun nan kamar ta yaran da waya da kwamfuta suka ɗauke wa hankali. Ni ne mai rubuta ƙarar, kuma sau da yawa nakan rubuta ina gyaɗa kai, domin ra'ayina ɗaya ne da na masu kawo ta. Sai ga shi a watan jiya ƙanwata ta aiko mini in je in yi wa ɗanta faɗa, wai tun da ya zo hutu daga jami'a yake raba dare a gaban wani wasa. Na tafi da niyyar in yi nasihar minti goma in tashi. Dare biyar na yi ina komawa gidan, kuma abin da na gani shi nake so in shimfiɗa a gabanku, musamman dattawa tsararrakina.

Sunan wasan Stellaris. Kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ne ya fito da shi a 2016. Labarinsa yana farawa a shekara ta 2200, lokacin da wata al'umma ta sami dabarar ketawa daga tauraro zuwa tauraro. Ana ba mai wasa duniya guda, da kumbon bincike, da kumbon gini, da ƙananan jiragen yaƙi uku, sa'an nan a sake shi a cikin sararin da yake ɗauke da taurari daga 200 har zuwa 1000, gwargwadon abin da ya zaɓa. Kafin a fara, shi ne zai tsara mutanensa: kamanninsu, da irin ƙasar da jikinsu yake so, da aƙidarsu, da salon mulkinsu. Yaron nan ya zaɓi mutanen hamada, masu riƙo da addini, masu son yaƙi, masu sarautar gado. Ya raɗa wa babban birninsu suna Salaga, saboda labarin kasuwar goro da ya sha ji a bakin kakarsa. Wannan ne ya fara sassauta mini fuska.

Ba zan ɓoye muku ba, daren farko ya yi mini daɗi. Taurarin a haɗe suke da wasu hanyoyi kamar turbar fatake, kumbo ba ya bi sai ta kansu, saboda haka duk wanda ya riga ya kafa sansani a mashiga ya tsare duk abin da yake bayanta. Wanda ya taɓa zama a gindin bishiya yana kallon dara ba zai sha wuyar gane wannan ba. Masu bincike suna ta aiko rahoto: ga kufan wata al'umma da ta shuɗe, ga wata duniya da mutanenta ba su wuce zamanin takobi ba, ba su ma san ana leƙensu daga sama ba. Muka kuma ci karo da wata tsohuwar daula mai tarin ilmi da makamai, wadda ta daina gini, ta daina faɗaɗa ƙasa, tana zaune tana cin abin da kakanninta suka bari. Na ce masa wannan kam Ibn Khaldun ya riga ya bayyana ta a Muƙaddima, inda ya kwatanta rayuwar daula da ta mutum, ya ƙiyasta mata zuriya uku, kimanin shekara 120, kafin jin daɗi ya kashe mata jiki. Ya ce, "Kawu, kada ka raina ta, jirginta ɗaya ya isa ya share mu." Muka kauce mata.

A dare na biyu aka fara ƙwanƙwasa mana ƙofa. Gabas da mu akwai wata daula wadda aƙidarta ita ce shafe duk wani jinsi da ba nata ba, ba ta sulhu, ba ta ciniki. Ta afka wa wasu mutanen ruwa masu kama da dodon koɗi, waɗanda suka tsira suka bazu suna neman mafaka. Wasan ya ba sarki zaɓi uku a kan 'yan gudun hijira: ya karɓi kowa, ko ya karɓi waɗanda jinsinsu yake da matsayin ɗan ƙasa kaɗai, ko ya rufe ƙofa. Yaron ya buɗe ƙofa. Na sa masa albarka, na ce halin gidanmu ke nan. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, lissafi ne. Muna da duniyoyin teku biyu da mutanenmu ba sa iya zama a cikinsu, waɗannan kuwa nan ne gidansu." Haka aka yi. Cikin shekara talatin na wasan baƙin suka raya duniyoyin nan biyu, suka cika ramukan haƙar ma'adinai, ƙarfen da aka ƙera rundunar Salaga da shi mafi yawansa daga guminsu ya fito.

A nan ne ya nuna mini wani shafi wanda tun daga ranar bai fita raina ba. Shafi ne na haƙƙoƙin jinsi. Kowane jinsi da yake zaune a daular yana da layinsa, kuma sarki ne yake yanke masa matsayi. Akwai cikakken ɗan ƙasa. Akwai mazauni, wanda zai zauna ya yi aiki, amma ba a ɗauko gwamna ko sarkin yaƙi ko shugaban masana daga cikinsa, muryarsa a siyasa kuma ragaggiya ce. Akwai bawa. Akwai wanda ba a so, shi kuma ana iya korarsa, ko a yi masa abin da ya fi kora muni. Mutanen ruwa ya sa su a layin mazauna. Na dubi kalmar na daɗe, domin a aikina na sha cika wa mutane takardu masu irin wannan tambaya, na kuma sha raka dattijon da aka haifa a Kumasi, aka haifi ubansa a Kumasi, yana ƙoƙarin gamsar da wani matashi a bayan tebur cewa shi ɗan nan ne.

Dare na uku yaƙi ya ɓarke da daular gabas. Muka riƙe mashiga, amma da tsada. Yaron ya juya masana'antu zuwa ƙera jirage, kayan masarufi suka yi ƙaranci, gidaje suka kasa, marasa aiki suka yawaita, laifi ya ƙaru a babban birni. Sai wata ƙungiya ta taso daga cikin 'yan asalin hamada, buƙatarta ita ce a fifita jinsinsu a kan kowa. Lambobin da suke saman allon suka koma ja. Ina kallo ya buɗe shafin nan na haƙƙoƙi, ya gangara zuwa layin mutanen ruwa, ya kai hannu kan kora.

Na ce, "Me za ka yi?"

Ya ce, "Kawu, kashi goma sha ɗaya ne kawai cikin ɗari. In sun tafi gidaje za su wadata, ƙungiyar can ta kwanta."

Ya faɗi haka babu ƙiyayya a muryarsa ko kaɗan, kuma wannan ne ya tayar mini da tsikar jiki. Yaro ne mai ladabi, mahaddacin izu ashirin, wanda aka haifa a tsakiyar Zango. Dare uku kacal ya yi a kan gadon sarauta.

Na sa ya tsayar da wasan, na tambaye shi ko ya san abin da ya faru ranar 18 ga Nuwamba 1969. Bai sani ba. A ranar ce gwamnatin wancan zamani a nan Gana ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemo ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar. Ni ba a haife ni ba tukuna, amma na tashi a cikin labarin. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da sauransu, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce su koma ba. An sayar da gida a kuɗin akuya. Ƙanen mahaifinmu ya hau babbar mota da iyalinsa, ya bar wa mahaifinmu mabuɗin shagonsa da cewa sai ya dawo, mabuɗin yana nan a cikin akwatin tsohuwa har yau. Hujjar da aka kafa a lokacin ita ce rashin aiki da matsin tattalin arziki da yawan laifi, wato dai lambobin nan da suka koma ja a allon ɗan ƙanwata. Kuma kada wani ya ɗauka wannan ciwon wata ƙabila ce ita kaɗai. A Janairun 1983, da kuɗin man fetur ya faɗi, Nijeriya ta yi irin wannan kora, 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka kwaso kayansu a jakar nan mai ratsi-ratsi da har yau ake kira da sunan wannan tafiya.

Ya yi shiru, sa'an nan ya kawo shawarar da ni ban san tana yiwuwa ba. Ya ce a ajiye wasan a daidai wannan rana, a gwada hanya biyu. Daren huɗu muka bi hanyar kora. Na so in ce muku nan take daular ta rushe, amma amanar alƙalami ba za ta bar ni ba. Da farko abin ya yi aiki. Gidaje suka wadata, ƙungiyar masu fifita jinsi ta yi murna, babban birni ya lafa. Sai daga baya ma'adinai suka ragu, duniyoyin teku suka zama kufai, maƙwabtan da suke ganin mutuncinmu suka ja baya, kamar yadda dattawa suke ba da labarin gonakin koko da suka rasa ma'aikata bayan 1969. Duk da haka daular ba ta faɗi ba. Ta ci gaba da harkokinta, mutanen ruwa suka ɓace daga jerin, babu wanda ya sake ambatonsu. Ba a nuna mana mota ko ɗaya ba, balle mabuɗin shago.

To, ga ra'ayina. Masu cewa wasan nan yana cin lokaci sun yi gaskiya, ni shaida ne, domin sau biyu kiran assalatu yana iske ni da nauyin ido. Malamanmu sun daɗe da tattauna irin wannan a babin shaɗaranji: Imamu Malik ya ƙi shi, Shafi'awa suka sassauta da sharaɗin babu caca, babu sakaci da salla, babu alfasha. Ni ba mufti ba ne, amma waɗannan sharuɗɗa su na gindaya wa yaron, ya kuma karɓa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu tsaya a bakin ƙofa muna tsawa alhali ba mu san abin da yake cikin ɗakin ba. 'Ya'yanmu tsiraru ne a ƙasar da aka haife su. Kullum daga ƙasa suke kallon hukuma, suna jin zafin layi da tambayar takarda. Wannan wasa ya ɗora ɗayansu a sama, ya nuna masa yadda jama'a suke komawa adadi a idon mai mulki, da yadda mutumin kirki yake kai hannu kan kora ba tare da ya ji ya yi wani abu ba. Wa'azina na shekara ba zai koya masa wannan ba. Amma shi ma wasan ba zai koya masa ba in yana shi kaɗai, domin a wurinsa kashi goma sha ɗaya cikin ɗari ne. Sai da wani ya zauna kusa da shi ya ce masa kakanka yana cikin goma sha ɗayan nan.

Akwai kuma abin da na ga wasan ya gaza a kai, na faɗa masa. Girma a cikinsa shi ne launin daularka ya malale a taswira. Mun haɗu da ayarin fatake masu yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, mun haɗu da wasu sansanonin 'yan kasuwa da na masana waɗanda ba su mallaki ƙasa ba, kowa yana zuwa wurinsu, amma a wasan da muka yi ado ne kawai a gefen hanya, a saya a wuce. Alhali ta wannan hanya kakanninmu suka iso Gonja da Asante, da jaki da kanwa da allo, ba su ci garin kowa da yaƙi ba, ga shi yau ana ciniki da Hausa daga Bawku har Nima. Wanda ya tsara wasan ya san tarihin masu takobi sosai. Tarihin madugu ne bai ishe shi ba.

A dare na biyar muka koma ranar da muka ajiye. Bai kore su ba. Ya rushe wata masana'antar jirage ya gina gidaje, ya sayi kayan masarufi a kasuwa da tsada, ya jure fushin ƙungiyar can. Na ce ya ƙarasa alherin, ya mai da su cikakkun 'yan ƙasa. Ya ƙi. Ya ce in ya yi haka ana tsakiyar yaƙi ƙungiyar za ta hargitsa masa babban birni, kuma matsayin jinsi in an sauya shi ba a sake taɓa shi sai bayan shekara goma, don haka ba abin gaggawa ba ne. Na ce masa wannan amsa na sha jin ta daga bakin manya masu manyan riguna. Ya ce, "Kawu, bari a gama yaƙin tukuna."

Muna shekara ta 2331, rundunar gabas tana taruwa a bakin mashiga, mutanen ruwa suna nan a layin mazauna. Ya roƙi tsohuwa ta nuna masa mabuɗin, ta ce sai ranar Juma'a in ta buɗe akwati. Ni kuma mun yi da shi zan koma ranar Asabar bayan sallar isha'i.