Wa Ya Ba Su Izinin Sayar Da Guminmu?

A watan Fabrairun 2024 kamfanin Reddit ya ƙulla ciniki da Google, kimanin dala miliyan 60 duk shekara, domin a kwashi rubutun da jama'a suka yi shekaru suna zubawa kyauta a horas da na'urar ƙirƙirarriyar basira. A watan Mayu shafin tambaya da amsa na Stack Overflow ya bi sahu da OpenAI. Masu haɗa manhaja suka fusata, wasu suka tashi share amsoshinsu, sai aka dakatar da su aka maido da rubutun. Hannunka ya rubuta, amma ba ka isa ka janye ba! Wannan ƙwace ne, ko wace riga aka sa masa.

Kada wani ya ce mini rigimar Turawa ce. A nan Doka ta Kaduna, matan da ke rubuta littattafan Hausa a waya sun isa shaida. Sai mace ta gama wanke-wanke, yara sun yi barci, sannan ta zauna da babban yatsa tana buga babi guda har tsakar dare. Da safe wayar tana wajen mai caji domin an ɗauke wuta, kuɗin data kuwa daga na cefane ta tsakura. Habaicin kishiyoyi da ta tsara, da gatse, da yadda uwar miji ke jan magana, irin Hausar da kamfanonin nan ke nema ke nan ido rufe, saboda rubutunmu ya yi ƙaranci a intanet.

Ranar da masu shafin da take zuba rubutun za su sayar da shi, amsarsu a shirye take: ai kin danna kin amince. Ta amince da me? Da tulin Turancin lauyoyi wanda ko ɗan boko ba ya karantawa?

Ina so na'ura ta iya Hausa, wallahi ina so. Amma a tambaye mu da harshenmu, wanda ya ƙi a bar masa abinsa, wanda ya yarda a ba shi rabonsa.

Muna da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da dokar kare bayanai ta 2023. A Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta ci Meta tarar dala miliyan 220, ashe in an ga dama ana iyawa. To ƙungiyar marubuta ta ƙasa reshen Kaduna me take jira? Ta tara marubutan waya, ta kai ƙorafi a rubuce gaban hukumar haƙƙin mallaka tun kafin a kai kayansu kasuwa.