Na'urar Gano Kifi: A Dubi Ruwa Kafin a Dubi Farashi

Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi kafin ya shiga Jihar Kebbi ya haɗu da Gulbin Sakkwato, gulbi ne mai fuska biyu. Da damina yakan cika ya batse, wani lokaci har ya yi ɓarna, kamar yadda aka gani a ambaliyar Gummi ta watan Agustan 2024. Da rani kuwa sai ya janye, ya bar rairayi da gurabu nan da can, inda kifi ke taruwa yana jiran damina. A irin wannan ruwa ne masuntan yankin ke neman abinci da koma da birgi da mamari. Yanzu da wayar hannu ta shiga ko'ina, matashin masunci na iya ganin tallar na'urar gano kifi, ya yi sha'awar sayar da akuyarsa domin ya mallake ta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, na'urar tana da amfani, amma sai an zaɓe ta gwargwadon ruwan da ake da shi, an ɗaura ta daidai da jirgin da ake da shi, an kuma sa ta ƙarƙashin dokar masunta.

Yadda Na'urar ke Aiki

Na'urar kashi biyu ce. Akwai allon da ake kallo, akwai kuma wani ɗan dunƙulallen abu da ake tsomawa a ruwa, wanda 'yan kasuwa ke kira tiransdusa. A nan za a kira shi kunnen na'ura, ko da yake baki ne kuma kunne, domin shi ke aika sauti cikin ruwa, shi ke kuma sauraren amsa-kuwwar da ta dawo, kamar yadda jemage ke yi a cikin duhu.

Tushen wannan ilimi ya faro ne a 1880, lokacin da wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da ke haifar da lantarki idan an matse su. Daga baya aka tabbatar cewa idan an ba su lantarki sukan motsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Paul Langevin ya yi amfani da wannan hali wajen neman jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku. A 1948 kuma kamfanin Furuno na ƙasar Japan ya fara sayar da na'urar ga masunta.

Lissafin ba shi da wuya. Sauti na tafiyar kimanin mita 1,480 a daƙiƙa ɗaya a cikin ruwan daɗi, alhali a cikin iska bai wuce kimanin mita 343 ba. Idan amsa-kuwwa ta dawo bayan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, to sautin ya yi tafiyar mita 14.8 zuwa da dawowa, wato zurfin wurin mita 7.4 ke nan. Kifi kuwa, jakar iskar da ke cikinsa ce ta fi mayar da sauti, ita ce ke tona masa asiri.

Zaɓe

Kuskuren farko da mai saye ke iya yi shi ne ya zuba kuɗinsa a kan babban allo mai launi. Allo ba ya nuna komai sai abin da kunne ya ji. Saboda haka a kan kunnen ya kamata a tsananta bincike.

Irin kunnuwan da aka fi sani biyu ne: mai kaɗawa sau 50,000 a daƙiƙa, da mai kaɗawa sau 200,000. Duka sun fi ƙarfin jin ɗan Adam, wanda ke tsayawa a wajen 20,000. Na farko yana kai wa ga zurfi mai yawa, amma hotonsa ba ya fita tar. Na biyu ba ya nisa kamarsa, amma yana rarrabe ƙananan abubuwa. Tun da gurabun Gulbin Zamfara ba su da zurfin teku, na biyun ne ya dace da su, haka kuma da tafkin madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978. Sayen mai tsada da aka ƙera domin teku asarar kuɗi ce.

Akwai kuma iyakar da mai talla ba ya yawan faɗa. Sautin yana bazuwa ne kamar hasken tocila, yana faɗaɗa gwargwadon nisa. Kunne mai buɗin digiri 20 yana ganin da'irar da faɗinta ya kai kimanin sulusin zurfin ruwan. A tafkin Kainji, wanda aka tare a 1968, inda ake samun zurfin mita 30 har da fiye, zai ga faɗin da ya haura mita 10. A gurbi mai zurfin mita 3 kuwa, mita ɗaya kacal zai gani, faɗin da bai kai na birgi ba. Bugu da ƙari, tarwaɗa da ƙurungu masu kwanciya a ƙasa sukan saje da amsa-kuwwar laka. Duk wanda ya yi zaton na'urar za ta cika masa jirgi a irin wannan ruwa, zai yi da-na-sani.

Ɗaurawa

Babban abokin gabar kunnen na'ura shi ne iska. Kumfa kaɗan a fuskarsa ya isa ya ɓata hoto. Wannan ne ya sa hanyar manna kunne a cikin jirgi, wadda ke aiki a jirgin faiba, ba ta aiki a kwalekwalen katako, domin katako cike yake da 'yan ƙofofin iska masu haɗiye sauti. Huda cikin jirgi kuwa ganganci ne ga kwalekwalen da ake ja a kan rairayi kullum.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaura kunnen a ƙasan sanda mai ƙwari, a kafa sandar a gefen jirgi da maɗauri mai kwancewa, aikin da kowane maƙerin Gummi ko Anka zai iya. Kunnen ya ɗan sauka ƙasa da gindin jirgin, fuskarsa ta dubi ƙasa sak ba tare da karkata ba. A nisanta shi da farfelar inji da gefen da ake tuƙi. In an iso ruwa mara zurfi, sai a ɗaga sandar. Batir mai bolt 12 ya isa, ana kuma iya cajinsa da hasken rana. Kada a yanke wayar, kada a haɗa ta wuri ɗaya da wayoyin inji, a kuma wanke fuskar kunnen da ruwa da sabulu kawai.

Wa Zai Riƙe Ta?

Wani zai ce, tun da Sarkin Ruwa ya san kowane gurbi tun daga kakanninsa, mene ne amfanin na'ura? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai sanin dattawa yana cikin ƙirji ne, ba a rubuce yake da lambobi ba, kuma kowace ambaliya tana cike wani gurbi da yashi ta haƙa wani. Na'urar tana ba da zurfi a take, tana nuna kututture ko dutsen da zai yaga taru, tana kuma bambanta ƙasa mai laka da mai tauri. A nan ne fa'idarta take ga wannan yanki.

Wani kuma zai ji tsoron kada ta ƙarar da kifi. Wannan tsoro ya fi na farko nauyi. Kifin da ya taru a gurbi da rani shi ne irin baɗi. Idan aka haɗa na'ura da taru mai ƙananan idanu, za a iya kwashe uwa da 'ya'ya a yini ɗaya. Kabawa sun daɗe da sanin maganin wannan: a Argungu ana hana su a Matan Fada har sai lokacin biki ya zo, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Don haka ya fi kyau ƙungiyar masunta ta mallaki na'ura ɗaya a ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, maimakon kowa ya ci bashi ya sayi tasa. Malaman kimiyya na makarantun sakandare za su iya haɗa kai da ƙungiyar, ɗalibai su riƙa rubuta zurfin gurabu a littafi a farkon rani da ƙarshensa. Bayan 'yan shekaru littafin zai nuna gurbin da ke cikewa da wanda ya kamata a hutar. Irin waɗannan alƙaluma za su amfani masu bincike na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da na cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ilimin da masuntan Zamfara suka gada shi ne ruwan cikin, kuma da shi ne za a ci moriyar wannan na'ura. Abin da ya rage ga malami shi ne ya fara da allo da alli, ya koya wa ɗalibansa lissafin amsa-kuwwa, domin ɗan masuncin da ya iya wannan lissafi ba zai bari ɗan kasuwa ya sayar wa mahaifinsa abin da ruwansu ba ya bukata ba.