Ra'ayi: Tsohon hali kamar ƙuduji ne, ba a gama da shi a damina guda

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne. Addinin Kirista ya tsaya a kan cewa wannan zane yana goguwa, amma bai taɓa yin alkawarin zai goge a rana ɗaya ba. A nan ne masu bi da yawa ke tuntuɓe. Mutum ya tuba, an yi masa baftisma, an yi waƙa an yi murna, sai ya ɗauka aiki ya ƙare. Bayan ƴan watanni ya tarar fushinsa na da yana nan, bakinsa mai yanka bai dushe ba. Daga nan ko ya fid da rai, ko ya koyi ɓoyewa. Na biyun ya fi haɗari.

Duk manomin gero daga Tasawa zuwa Madawa ya san ƙuduji. Irinsa na iya kwana cikin ƙasa sama da shekara 10. Yana kama saiwar gero yana tsotsa tun bai fito fili ba, kafin a ga furensa ɓarna ta riga ta yi nisa. Manomin kirki yana tuge shi kafin ya zuba iri, ya kai taki, ya sauya shuka, baɗi kuma ya sake zagayawa. Haka tsohon hali yake a zuciyar mai bi.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. A sura ta 3 ta wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa, Manzo Bulus ya kwatanta tsohon hali da rigar da ake tuɓewa, ya lissafa fushi, ƙeta, yanke, zancen batsa da ƙarya. Mutanen da ya rubuta wa kuwa sun riga sun ba da gaskiya. Ko Bitrus bai tsira ba. A Antakiya yana cin abinci tare da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, amma da baƙi suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye jiki don tsoron abin da za a ce, har Barnaba ya bi sahunsa. Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a, kamar yadda sura ta 2 ta Galatiyawa ta nuna. Idan wariya ta iya sake tsiro a zuciyar babban manzo, wane ne zai ce gonarsa ta gama tsabta?

Damuwar ita ce, majami'unmu sun fi sa ido a kan zunubin da ake gani. Wanda ya bar giya ko taramol ana ba shi wuri ya ba da shaida, kuma daidai ne. To, ina batun mai tauye tiya a kasuwa, da mai cin bashi ya riƙa sauya hanya, da maigidan da ke jagorantar addu'a ranar Lahadi amma ƴaƴansa na rawar jiki in sun ji tafiyarsa? Ina batun gulmar da ake shigowa da ita da sunan neman a sa wane cikin addu'a? Tun 1924 masu bishara na SIM suka fara aiki a Damagaram, don haka yau akwai jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa cikin ikilisiya. Da yawansu ba su da labarin wata tsohuwar rayuwa da suka baro, sai su zaci babu abin tuɓewa. Nasu ƙudujin yana ƙarƙashin ƙasa ne kawai.

Wani zai ce ai ceto alheri ne, yawan maganar ƙoƙari komawa ne ga shari'a. Gaskiya ne babu mai sayen gafara da aikinsa. Sai dai manomi ma ba shi ke sa ruwan sama ba, kuma hakan bai sa ya jingine hauya ba. Ruhu Mai Tsarki ke ba da iko, mai bi ke fita gona.

Fitar kuwa tana da hanya. Da farko a kira halin da sunansa, a daina fakewa da "haka Allah ya yi ni". Sannan a cike gurbin da ya bari. A sura ta 4 ta Afisawa, Bulus bai tsaya ga hana ɓarawo sata ba, ya umarce shi ya yi aiki da hannunsa har ya samu abin taimakon mabukaci. Sai a gyara ɓarnar baya. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya ɗauki alkawarin bai wa matalauta rabin dukiyarsa da mayar da ninki 4 ga wanda ya cuta. Tuban da bai kai ga biyan bashi da neman gafarar matar gida ba, da sauransa.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Maƙwabcinka Musulmi bai ji wa'azin fastonka ba, abin da ya sani shi ne yadda ka yi da kuɗin da ya ba ka ajiya. Shi ma addininsa ya hore shi da tuba da yaƙi da son zuciya, saboda haka yana gane na gaskiya in ya gan shi.

Ga fastoci da dattawan ikilisiya, da shugabannin zumuntar mata da na matasa, akwai nauyi na musamman. Mutum ba zai faɗi abin da ke cinsa ba muddin ya san kafin Lahadi mai zuwa zancen ya zagaye unguwa. Ku zama masu riƙon asiri, ku kuma tanadi hannun tayarwa ga wanda ya sake faɗuwa karo na goma. In ba haka ba, za mu ci gaba da cika majami'u da mutanen da suka sa sabuwar riga a kan tsohuwa.