Karatu a ƙasar waje: Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk wanda ya san Gwammaja ya san Gidan Mambayya, gidan marigayi Malam Aminu Kano, wanda a yanzu yake hannun Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Abin da ba kowa ke tunawa ba shi ne, mai gidan nan ya taɓa zama ɗalibi baƙo a birnin wasu. A 1946 aka ɗauke shi daga aikin koyarwa a Midil ta Bauchi aka tura shi sashen nazarin ilimi na Jami'ar Landan, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riga shi zuwa da shekara guda. Bai daɗe a can ba, amma ya dawo da takardarsa da kuma tunanin da ya haɗa malaman makarantun Arewa cikin ƙungiya ɗaya. Sai dai mu lura, hukuma ce ta zaɓa masa makaranta, ita ta ɗauki nauyinsa, kuma aikinsa na jiransa a gida.

Ɗalibin yau ba shi da wannan gata. A unguwanninmu na cikin birni, daga nan Gwammaja zuwa Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa, da wuya a ƙirga gidaje kaɗan ba a samu inda aka tura yaro ko yarinya Masar, ko Indiya, ko Turkiyya, ko Nijar ba. Ni ban ga laifin iyaye ba, domin wanda ya ga yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya cinye wata takwas cur, ba sai an gaya masa dalili ba. Abin da nake ja a kai shi ne yadda muke shirya tafiyar. Mukan ƙarar da ƙarfinmu wajen neman gurbi da biza da tikiti, mu yi walima, mu raka yaro filin jirgi, sannan mu ɗauka an gama. Alhali kuwa abubuwan da ke kayar da ɗalibi a baƙon gari kusan dukkansu tun daga gida ake iya toshe su.

Tambayar farko ita ce wadda aka fi mantawa: idan yaron nan ya dawo da takardar, wa zai karɓe ta? Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance digirin waje kafin a tafi hidimar ƙasa. Wanda ya karanta likitanci sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN kafin ya taɓa majinyaci, wanda ya karanta shari'a kuma sai ya yi zangon farko na musamman a Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya haɗu da 'yan gida. Waɗannan ƙa'idoji ba ɓoye suke ba, amma dillalan gurbin karatu ba su cika ambatonsu ba, domin la'adarsu na fitowa ne ranar da aka biya kuɗin shekarar farko. A watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Matakin ya hau kan masu sayen takarda, ya kuma hau kan waɗanda suka zauna suka yi karatunsu da gaskiya. Haka a 2022 hukumar MDCN ta ce ba za ta amince da karatun likitancin da aka kammala ta intanet daga Yukren ba. Saboda haka kafin a biya ko sisi, uba ya rubuta wa hukumar da abin ya shafa, ya nemi tsoffin ɗaliban makarantar da suka dawo, ya tambaye su a ina suke aiki yanzu. Amsar wannan tambaya ta fi duk wata takardar talla mai hotunan dogayen gine-gine.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ne gidaje da yawa suka ji jiki. Kafin watan Yunin 2023, mai biyan kuɗin makaranta ta banki yana samun dala a kan kimanin naira 460. Da aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Wato wanda ke biyan dala dubu biyar a shekara ya tashi daga naira miliyan biyu da dubu ɗari uku zuwa miliyan bakwai da rabi, ba tare da makarantar ta ƙara ko kwabo ba. A watan Mayun 2024 wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila sun wayi gari an dakatar da su daga karatu, an kuma ba su wa'adin barin ƙasar, saboda sun kasa cika biya a kan lokaci. Darasin a fili yake. Lissafin karatun waje da kuɗin can ake yin sa, kuma na dukkan shekarun, haɗe da haya da abinci da inshorar lafiya da tikitin dawowa. Wanda abin hannunsa bai wuce na shekarar farko ba, yana sa ran Allah zai kawo sauran ta kasuwar Wapa, to ya sake shawara, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada kuma a jingina da cewa yaro zai yi aiki ya riƙe kansa. A Ingila doka ta ƙayyade wa ɗalibin digiri awa 20 a mako lokacin karatu, kuma daga Janairun 2024 an hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, in ban da masu digirin bincike. A Indiya bizar ɗalibi ba ta ba da damar neman aikin albashi. Wanda ya karya irin wannan doka ya jefa karatunsa gaba ɗaya cikin haɗari saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Mai tallafin gwamnati ma bai tsira ba. Kano ta yi suna a wannan fage, tun ɗalibai 501 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura a 2012, zuwa 1,001 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta shelanta a 2023, kuma babu mai musun alherin da aka samu. Amma gwamnati na sauyawa, digiri kuwa ba ya jiran zaɓe. Mun ga yadda ɗaliban Kano da suka gama karatu a Arewacin Saifurus suka shafe shekaru takardunsu na riƙe saboda bashi, sai a 2025 aka biya sama da naira biliyan biyu aka karɓo su. Na Gwamnatin Tarayya da ke Maroko da Rasha da Aljeriya su ma sun sha zaman watanni babu alawus. Don haka ko da gwamnati ce ta tura, iyali su ware abin da zai riƙe yaro na wata uku aƙalla, su kuma riƙe kwafin yarjejeniyar da aka sa wa hannu.

Da an sauka, aikin farko shi ne izinin zama, tun kafin sayen katifa. A Indiya wanda bizarsa ta wuce kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da isowarsa. A Masar da Saudiyya iƙama ce, a Turkiyya ma akwai irinta, kowace da ranar ƙarewarta da tararta. Ɗalibi ya rubuta waɗannan ranaku a inda zai riƙa gani, ya fara neman sabuntawa da sauran lokaci, haka ma fasfo, tun da sauran wata shida. Kada ya bar fasfonsa a hannun dillali ko mai gidan haya da sunan ajiya. Ya je ofishin jakadancin Nijeriya ya rubuta sunansa. A nan ne ma ya kamata iyaye su san cewa Arewacin Saifurus ƙasar Turkiyya kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a can, kuma hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna waje ta sha yin gargaɗi a kan tura yara wurin.

Game da masauki da abokai, shawarata a taƙaice take. Shekarar farko a zauna a ɗakin kwanan makaranta ko da ya fi tsada, domin baƙo ko da ido makaho ne. A nemi ƙungiyar ɗaliban Nijeriya da masallacin unguwa tun makon farko, saboda su za su nuna asibiti da kasuwa mai sauƙi da unguwar da ba a shiga da dare. Amma kada zaman ya ƙare a tsakanin 'yan gida kawai. Abin kunya ne yaro ya shekara biyar a Alƙahira ya dawo bai iya cinikin tumatir da Larabcin Masar ba, don ya kwana ya tashi cikin Hausa da Facebook. Harshen gari rabin karatun ne.

Akwai kuma al'adarmu ta ba da saƙo, wadda a filin jirgi takan zama tarko. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan wasu sun liƙa sunanta a jakar da ke ɗauke da ƙwayar tiramadol a filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai da ta shafe wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta yi halinta. Ɗalibi ya ƙirga jakunkunansa, ya duba lambobin da aka liƙa masa, kada ya karɓi ƙullin da bai buɗe ba ko na wane ne. Ko tsarabar gida sai an tambaya, domin Saudiyya ta hana shiga da goro, Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai kuma ba sa barin matafiyi daga nan ya shiga da nama, kilishi ne ko dambu.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba ma son ambata, wato ranar da gari zai rikice. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 yaƙi ya faɗa wa ɗalibanmu a Yukren, suka yi ta takawa cikin sanyi zuwa iyakokin Folan da Romaniya da Hangari. Ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma aka fara harbe-harbe a Kartum, birnin da muka daɗe muna ɗauka kamar gida, inda Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa ke cike da yaran Kano da Jigawa da Katsina. An kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara suna jiran izinin shiga, sai a farkon Mayu rukunin farko ya sauka Abuja. Da aka zo shigar da su jami'o'in gida, wanda ya fito da sakamakon jarrabawarsa ya fi wanda ya baro komai a ofishin makaranta sauƙin samun wuri. Don haka a ƙarshen kowane zango ɗalibi ya karɓi sakamakonsa a rubuce, ya ɗauki hotonsa tare da fasfo da takardar shiga makaranta ya aiko gida. Ya ajiye 'yan daloli a hannu waɗanda ba ya taɓawa, domin ranar tashin hankali banki da na'urar cirar kuɗi su ke fara rufewa. Iyaye kuma su riƙe lambar mutum biyu a garin ban da ta ɗansu.

Ina kira ga gwamnatocin jihohinmu da su sa wa duk ɗalibin da za su tura sharaɗin zaman bita na mako guda kafin tashi, tsoffin ɗalibai su koyar, iyaye su halarta, a kuma buɗe ƙofa ga masu tafiya da kuɗinsu. Kuɗin wannan bita bai kai tikitin mutum goma ba, kuma zaurukan da za a yi ta ba su yi mana ƙaranci ba, har da na Gidan Mambayya. Kafin hukuma ta motsa kuwa, kowane uba ya zaunar da ɗansa su amsa tambayoyin nan tun tikiti bai zo ba. Allah Ya kai yaranmu lafiya, Ya dawo mana da su da ilimi mai amfani.