Kyautar Google da Microsoft ga makarantunmu: a hannun wa mabuɗin zai zauna?

Ƴan uwa matasa, duk wanda ya yi fakilte a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san yadda darasi yake yawo. Malam ya ba delege, delege ya jefa a gurup ɗin WhatsApp, wanda wayarsa ta cika ya goge, daren jarabawa a shiga cigiyar wanda bai goge ba. Memwar kuwa, wahalar shekara guda, tana kwance cikin kle USB ɗaya tak a aljihun wando. Shi ya sa in aka ce makaranta za ta ɗauki Google Workspace for Education ko Microsoft 365, ni ina cikin masu cewa a ɗauka. Kowane ɗalibi da malami zai samu adireshin imel mai sunan makarantarsa, da wurin ajiya, da wurin rubutu da lissafi da mutum biyar za su iya aiki a kai lokaci guda, da Classroom ko Teams na raba darasi da karɓar aiki. Wanda ya taɓa neman burs ɗin waje da adireshin da ya buɗe yana ɗan lise, mai sunan barkwanci da shekarar haihuwa, ya san darajar adireshin jami'a. Matakin farko na tsarin nan biyu kyauta ne ga makarantar da ta cika sharaɗi.

To amma ku tsaya mu dubi yadda ake kafa abin, don a nan gizo ke saƙar.

Kamfanin zai ce makaranta ta nuna cewa sunan da take amfani da shi a intanet nata ne. Sai a ba ta wata lamba ta saka cikin rajistar sunan, a karkata wasiƙu su bi ta injinan kamfanin, sannan a buɗe asusun babban mai kula. Aikin yini ɗaya zuwa biyu ne ga wanda ya iya, ban da jiran kamfanin ya tantance makarantar. Wanda ke riƙe da wannan asusu shi ke buɗe wa kowa nasa, shi ke rufewa, kuma yana iya canza kalmar sirrin kowa. Mai iya canza maka kalmar sirri yana iya shiga akwatinka. Ku tuna cikin masu akwatunan nan akwai ƴan USN da ke shirya zaman dirshan kan kuɗin burs, akwai malaman sandika, akwai ɗalibar da za ta kai ƙarar malamin da ya matsa mata. Wa ya ba mai kula izinin leƙawa, wa ke duba ko ya leƙa? In ba a rubuta ba, sai yadda ya ga dama.

Mun kuma san halin gida. Ana kiran wani yaro mai ilimin kwamfuta, ko ɗan kwangila, a ce ya taimaka. Ya yi rajistar sunan da sunansa, ya biya da katinsa, lambar tabbatarwa tana zuwa wayarsa. Bayan shekara biyu ya samu aiki a Kwatanu, ko sun ɓata da darakta. Sunan intanet haya ce da ake sabuntawa. Ranar da wa'adi ya cika ba a biya ba, wasiƙun makaranta gaba ɗaya su daina shigowa. Ba mugunta ya yi ba wallahi, an dai ɗora dukiyar jama'a a kan wayar mutum ɗaya.

Kyautar ma ba ta zama yadda take. Google ya daɗe yana ba makarantu wurin ajiya marar iyaka, sai a 2021 ya ce ya daina, daga watan Yulin 2022 makaranta duka ta raba terabait 100. In masu amfani 20,000 ne, gigabait 5 ke nan kowa. Microsoft kuma a watan Agustan 2024 ya janye tsarin A1 Plus, wanda ke ba da damar girka Word da Excel a kwamfuta kyauta. Na kyautar da ya rage sai da rezo ake cin moriyarsa. Wa zai sayi forfe? Ɗalibin da ke lissafin dala-dala kafin ya ci garin rogo da ƙuli.

Mu ƴan Nijar ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da ke hannun wani ba. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa, muka yi watanni muna kwana cikin duhu da zafi. Abin da suke kira gajimare ɗin nan injina ne a cikin gine-ginen wasu ƙasashe, ƙarƙashin dokokinsu. Amurka tana da dokar CLOUD Act tun 2018, wadda ke ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko a wace ƙasa aka ajiye su. Faransa kanta, a watan Nuwamban 2022, ma'aikatar iliminta ta ce kada makarantu su yi amfani da nau'in kyauta na tsarin nan biyu, saboda kare bayanai. Mu ma muna da doka mai lamba 2017-28 da ta kafa hukumar HAPDP, aka sabunta ta a 2022. Kafin shugaban makaranta ya kwashe sunaye, hotuna da makin yara ya kai waje, ya kamata ya bi ta ƙofar wannan hukuma. A CEG da lise kuwa, inda yawancin yaran ba su kai 18 ba, a sanar da uwaye tukuna.

Wasu abokaina suna cewa a bar su kwata-kwata, mu kafa namu da Nextcloud da Moodle. Ina son wannan magana, kuma nan gaba can ya kamata mu dosa. Sai dai injin gida yana son wutar da ba ta ɗaukewa, da sanyi a watan Afrilu, da ma'aikacin da ake biya a kan lokaci. Makarantar da ba ta iya sayen tawadar firinta ba, kada mu ɗora mata wannan yau.

Abin da nake nema bai kai kuɗin fati ɗaya na bikin buɗewa ba. Sunan intanet ya kasance na makaranta a takarda, ƙarƙashin .ne, kuɗin sabunta shi yana cikin kasafi. Masu kula su zama aƙalla biyu, ma'aikatan makaranta, da ƙa'ida a rubuce wadda wakilan ɗalibai da na malamai suka gani suka sa hannu. Maki da takardun shaida a riƙe kwafinsu a gida, a girka LibreOffice a ɗakin kwamfuta don ranar da rezo ya tafi. Wanda ya gama karatu kuma a ba shi watanni, a koya masa kwashe kayansa kafin a rufe asusun, don kada ya zo neman aiki ya tarar memwar ɗinsa ta tafi da adireshin.

Ƴan komitin ɗalibai, ranar da aka kira ku taron ƙaddamarwa, kafin a raba lemo ku nemi a nuna muku takardar rajistar sunan, ku karanta sunan da ke kanta.